Jar Ƙura a Kan Farar Ƙanƙara

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da labarin ƙasa a Katsina, kuma babu shekarar da ba na zana wa ɗalibai kwantacciyar ƙanƙarar kan duwatsu a allo: ga inda dusa ke taruwa, ga inda take narkewa, ga tsakuwar da take turowa a gabanta. Su kwafa, su rubuta a jarrabawa, su ci. Daga ni har su babu wanda ya taɓa sa ƙafa a kanta, kuma abin ya daɗe yana damuna. Saboda haka da Allah ya kai ni Jamus a watan Nuwamban 2023, zaman bincike na wata shida a wata jami'a a Munich, sai na ƙudurta a raina ba zan koma gida ba sai na taka Zugspitze, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, mita 2,962, wanda ragowar irin wannan ƙanƙara take kwance a ƙirjinsa.

Wanda ya buɗe mini hanya wani matashi ne ɗan Damagaram da muka haɗu a masallacin Juma'a. Ya yi karatunsa na farko a Grenoble ta Faransa, garin da duwatsu suka yi wa ƙawanya, a can ya koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara har ya ƙware. A watan Janairu ya kai ni Hausberg, tudun da ke bayan garin Garmisch-Partenkirchen, Asabar uku a jere, ya koya mini abin da Jamusawa ke kira garma: ka haɗa kawunan dogayen allunan zamiya biyu da ke ɗaure a ƙafafunka, ka buɗe bayansu, ka gangaro sannu a hankali. Dusar wancan lokacin kamar garin da aka tankaɗe take, busasshiya, mara nauyi, in ka faɗi sai ka karkaɗe ka tashi. Daga nan azumi ya shigo na ajiye maganar. Ko da aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, filayen zamiya na ƙasa-ƙasa duk sun rufe, don zafi ya zo da wuri a shekarar ta 2024; ranar 6 ga watan har an sami inda ma'auni ya kai digiri 30 a kudu maso yammacin ƙasar, abin da ba a taɓa gani da wuri haka ba. Na fid da rai. Sai ga sanyi ya juyo bayan tsakiyar wata, sabuwar dusa ta yi ta zuba a kan duwatsu kwana da kwanaki. Wani dare ya kira ni.

"Malam, ranar 1 ga Mayu za su rufe saman. In ba mu je yanzu ba, sai dai ka ji labari daga Katsina."

Na ce, "Ƙanena, nemo mana masauki."

Mun tashi daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Munich da la'asar ɗin Litinin, 29 ga Afrilu. Kuɗin jirgi bai dame mu ba, don dukkanmu muna da tikitin wata-wata, na Yuro 49 a lokacin, da ke shigar da mutum ƙananan jirage a duk faɗin ƙasar. Tafiyar awa ɗaya da minti ashirin ce, ta gefen tafkin Starnberg, ta Weilheim da Murnau. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hanyar da na sani fara fat a Janairu ta koma kore shar, furanni ruwan ɗorawa sun rufe makiyaya, shanu sun fito daga garke, mutane na tuƙa kekuna da gajerun wanduna. Mu kuwa ga mu da jibga-jibgan rigunan sanyi a rungume. Sai da muka wuce Murnau sannan duwatsun suka bayyana, farin nasu ya ja da baya ya maƙale can sama kamar hula.

A wannan tsakanin ne wasu jami'an tsaro biyu cikin kayan gida suka shigo taragonmu, don layin yana zarcewa har iyakar Ostiriya. Suka nuna shaidarsu, suka nemi takardunmu. Mu biyu suka tambaya, sai wani iyali da ke can ƙarshen tarago, sauran fasinjoji kuwa ko kallonsu ba su yi ba. Sun yi maganarsu cikin ladabi, sun duba fasfo da izinin zama, sun mayar mana, babu wanda ya ce a kawo na goro kamar yadda aka saba a shingayen hanyar Jibiya. Duk da haka abin ya tsaya mini a rai har muka sauka, domin na san abin da ya sa aka tsallake kujera goma aka tsaya a tamu. Abokin tafiyata ya mayar da fasfonsa aljihu bai ce uffan ba. Ya riga ya saba, kuma sabon nasa ya fi binciken ɓata mini rai.

Masaukinmu gidan wata dattijuwa ne a ɓangaren Partenkirchen, ɗaki ɗaya gado biyu, Yuro 55 kowannenmu a dare har da karin kumallo, ban da ɗan harajin baƙi da gari ke karɓa. Da can garuruwa biyu ne, Garmisch da Partenkirchen. Gwamnatin Hitila ce ta haɗe su a 1935 saboda gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a nan a 1936, kuma har yau dattijuwar da na ce mata Garmisch sai ta gyara mini. Da yamma muka taka titin Ludwig, inda aka zane fuskokin gidaje da hotunan manoma da waliyyansu da furanni. Nan take na tuna da zayyanar gidajen cikin birnin Zariya da Kano, yadda mai gida ke sa a ƙawata masa ƙofa don mai wucewa. Bambancin kawai namu ba ya ɗaukar siffar mutum. Abincin dare a shagon wani Baturke muka ci, nama a cikin burodi, Yuro 8, don a gidajen abincin gargajiya na Bavariya, jihar da muke ciki, sai ka yi tambaya a kan kusan kowane kwano saboda naman alade.

Kafin shaguna su rufe muka je hayar kaya. Mai auna mana takalma ya dubi sunana a takarda, ya ɗago kai ya yi mini sallama cikakkiya. Mutumin Bosniya ne, ya manyanta, hannuwansa duk kakin zuma da baƙin ƙarfe. Ya tambayi nauyina da tsawona da iyawata, ya saita maɗaurin da ke sakin takalmi idan mutum ya faɗi, sannan ya sassauta shi kaɗan. Ya ce dusar ƙarshen kakar zamiya tana da nauyi, tana riƙe allo yayin da jiki ke juyawa, gwiwa ce ke biyan bashin, gara allo ya fice da a ce ƙafa ta murɗe. Ya goga wa cikin allunan wani kaki mai taushi, irin na jiƙaƙƙiyar dusa. Ya ce mu ne kusan na ƙarshe. Jibi in an rufe, sai su kwashe mako suna gyaran kaya, daga nan ya koma garinsu ya yi shuka, ya ga jikoki, sai Nuwamba kuma. Na ce masa a wurinmu akwai sunan wannan rayuwa, cirani, sai dai namu da rani suke fita, damina ta mayar da su gida. Ya maimaita kalmar sau biyu don ya riƙe ta.

Washegari da ƙarfe takwas da 'yan mintuna muna cikin jirgin ƙasa mai haƙora, wanda aka gama shimfiɗa layinsa a 1930. Tikitin yini, wanda ya haɗa hawa da duk na'urorin ɗaukar masu zamiya, Yuro 60 ne da 'yan kai. Daga Grainau haƙoran ke kama layi, jirgi ya soma hawa yana nishi, ya wuce tafkin Eibsee, ya ratsa dajin da dusa ta rage tsilla-tsilla a gindin itatuwa, baƙa-baƙa da datti. A Riffelriss ya shige cikin dutse, rami mai tsawon kilomita huɗu da rabi, wanda mutane suka fasa kusan shekara ɗari da suka wuce. Kunnuwana suka toshe. Da muka fito tasha a mita 2,588 muka tura ƙofa, haske ya dake ni har sai da na runtse ido na lalubo tabarau.

Wurin da ake kira Zugspitzplatt wani makeken faranti ne a karkace, duwatsu sun kewaye shi, babu itace ko ɗaya, babu ciyawa, babu komai sai fari da shuɗin sama. Iska a wannan tsawo ba ta cika huhu. Matakala goma na hau da takalman nan masu nauyi, zuciyata ta hau dukan tara-tara. A nan ba a harba dusar inji kamar a filayen ƙasa, abin da ya sauko daga sama da shi ake amfani, shi ya sa kakar wurin take daɗewa in an samu zuba, take kuma rataye da rahamar Ubangiji kamar noman damina.

A yinin nan na gane cewa a ƙarshen kaka dusa kala uku take yi tsakanin safe da la'asar, kuma kowace da halinta.

Ta safe ba dusa ba ce, daɓe ne. Abin da ya narke jiya ya daskare cikin dare, bayan motoci masu kama da katafila sun bi sun baje shi sun bar masa layi-layi kamar kwanon rufi. Da na ɗora allunan a kai sai suka hau karkarwa, ƙara tana tashi kamar ana jan tukunyar ƙarfe a kan siminti. Garmar da na koya a Janairu ta ƙi kamawa. A kwana ta uku ƙafafuna suka zame gefe guda, na faɗi a kan ƙugu, na yi ta sulalewa ina ƙoƙarin kafa sanda, mita ashirin ko fiye kafin na tsaya. Zafin ya ratsa ni har ƙashi, tsoro kuma ya shige ni, don na ga cewa a kan irin wannan wuri mutum ba shi ke tsayar da kansa ba. Ƙanen nawa ya gangaro ya tsaya a ƙasana ya tokare allunana da nasa.

"Sannu Malam. Laifina ne, da na ce mu jira. Mu je mu sha shayi, rana ta yi mana aiki tukuna."

A gida mukan ce da sanyin safiya ake kama fara. A nan kuwa mai sammako shi ke shan wuya. Muka zauna a barandar gidan abinci na Sonnalpin kusan awa guda, ina lura da tsofaffin 'yan wasa, ba wanda yake gaggawa, kowa yana duban rana yana duban agogo. Wajen goma da rabi wani ya tashi ya je ya caka sanda a ƙasa, ya murza, ya gyaɗa kai. Kamar an buga ƙararrawa, baranda ta watse.

Abin da suke jira shi suke kira Firn. Rana ta sassauta saman daɓen da kamar kaurin yatsa biyu, ƙasansa na nan da ƙarfi. Na cire safar hannu na ɗebo: ƙwaya-ƙwaya ce kamar tsakin masara da aka jiƙa, kowace ƙwaya tana ƙyalli, sakamakon narkewa da daskarewa na kwanaki da yawa. A kanta allo ba ya karkarwa, ba ya nutsewa, gefensa yana yanka ta kamar wuƙa a cikin man shanu, sautin ma ya sauya ya koma shuu, shuu, mai laushi. A nan ne karo na farko a rayuwata na saki garma na jera allunan biyu, na karkata jiki dama suka bi ni, na karkata hagu suka bi ni. Ban san lokacin da na soma tasbihi da ƙarfi ba. Sau shida muka hau muka sauko a cikin abin da bai kai awa biyu ba, kuma da za a ce in zaɓi awa biyu daga duk zamana na Jamus, su zan ɗauka. Na fahimci abin da ke sa mutum ya bar ciyawa da furanni a ƙasa ya biya kuɗi ya hawo neman ragowar sanyi.

Da azahar ta gabato sai kala ta uku ta shigo, wadda suke kira Sulz. Tsakin nan ya sha ruwa ya zama fate. Duk inda masu zamiya suka yi kwana sai su ture shi ya taru tsibi-tsibi, hanya ta koma kamar gonar da aka yi wa kunya. Kana tafe a inuwar dutse da gudu, kana shiga rana sai ruwa ya tsotse cikin allo ya riƙe shi, jikinka ya yi gaba ƙafafu na baya. Cinyoyina suka ɗauki wuta. A kan idona wata mata da ke gabanmu ta shiga wani tsibi, allo ɗaya ya kafe, ta juya a kansa. Ihun da ta yi har yanzu yana kunnena. Ma'aikatan ceto suka zo cikin 'yan mintuna, suka ɗaure ƙafar, suka naɗe ta a cikin wani dogon kwale-kwale na jan marasa lafiya, ɗaya a gaba ɗaya a baya suka gangara da ita. Na tuna da Babosniyen nan da maɗaurin da ya sassauta mini, na yi masa addu'a. A gangaren da ke wajen hanya kuma ana ganin inda jiƙaƙƙiyar dusa ta zaftaro ta bar dogon tabo. Can a jikin dutse ga ginin Schneefernerhaus, wanda a da otal ne, inda irin wannan zaftarewa ta afka wa masu shan hantsi a baranda ranar 15 ga Mayun 1965 ta kashe mutum 10. Yanzu tashar binciken yanayi ce.

Muka ajiye alluna muka tafi salla. Tun 2012 aka keɓe wa Musulmi ɗan ɗakin salla a nan saman, saboda yawan baƙi daga ƙasashen Larabawa, ba nisa da wata ƙaramar majami'a da aka buɗe a 1981. Alwala da ruwan wurin sai mai ƙarfin hali, cire takalman zamiya kuwa aiki ne mai zaman kansa. Muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru, wani Bature da ya musulunta da ɗansa suka bi mu. Abincin rana taliyar ƙwai ce da cuku da soyayyar albasa, mai nauyi, mai daɗi, Yuro 17, ruwan kwalba kuma kusan Yuro 5, wanda na daɗe ina jujjuya shi da naira a zuciyata.

Bayan cin abinci ne na ga abin da ya fi komai tsaya mini. A bayan gidan abincin katafila ta yanke wani tudun dusa ta bar bango wanda ya fi ni tsawo, kamar bakin rijiya da ke nuna jerin ƙasa. Sama fari ne tas, dusar da ta zubo makon jiya. Ƙasa da shi kaɗan sai ga wani layi mai kaurin yatsa, ja-ja, ruwan ƙasa, ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Na kankaro shi da farce na murza a tafin hannu, dusar ta narke, ta bar mini laka mai laushi. Launin da na sani ne tun ina yaro, wanda ke kwanciya a kan tagogi da ganyen darbejiya da gashin ido a watan Janairu. Ƙurar Sahara ce, wadda iskar kudu ta kwaso a ƙarshen watan Maris, lokacin da sararin Munich ya yi jawur ina cikin azumi ina kallo ta taga. Tamu ta hunturu galibi daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, iskar arewa maso gabas ta kawo mana. Wannan kuwa daga arewacin hamada take, ta tsallake Bahar Rum. Amma uwa ɗaya ce ta haife su.

Wani dattijo da ya gan ni durƙushe ina kallon tafin hannuna ya matso. Ya haura saba'in, fuskarsa ta ƙone da rana kamar ta makiyayi, allunansa tsofaffi. Da na gaya masa daga inda na fito da abin da nake koyarwa, sai ya ce in zo ya nuna mini. Ya nuna wani kwari ƙarƙashin dutsen da sandarsa, ya ce waccan ita ce Schneeferner ta arewa, abin da na zo gani, yanzu dusa ta rufe ta, amma da zan dawo a watan Agusta da na ga ɗan abin da ya rage, toka-toka, ruwa na gudu a kansa. Ya juya ya nuna kudu, ya ce a can 'yar'uwarta take, wadda a watan Satumban 2022 masana suka cire ta daga lissafi, don ta yi sirantar da ba ta iya motsi kuma, ƙanƙarar da ba ta motsi kuwa ta mutu. Saura huɗu ke nan a duk Jamus. A shekarar ma an sha jar ƙura a watan Maris, bazara mai zafi ta biyo baya. Wannan ɓangaren ni na san shi daga littafi: farar dusa sabuwa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana, amma da zarar saman ya narke layin ƙurar ya fito fili, sai ya yi ta shan zafi yana cin abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙurar ba ita ce tushen ciwon ba, tun fil azal take zuwa. Ɗumamar duniya ce ta kwantar da mara lafiyar, ƙura tana ƙara masa zazzaɓi. Dattijon ya ce shekaru da dama ana lulluɓe wani sashe da fararen tamfol duk bazara, daga baya aka ga wahalar banza ce aka daina. Ya ce mahaifinsa ne ya fara kawo shi nan yana ɗan shekara tara, kuma ba ya fashin ranar rufewa. Ya yi shiru, sannan ya ce jikarsa tana da shekara huɗu.

Na tsaya ina kallon kwarin. Na zo da ɗokin mai zuwa ganin abin al'ajabi, sai na tarar da kaina kamar mai zuwa dubiya. Kuma na san wannan kallon da ke idonsa, na gan shi a idon tsofaffin garinmu in suna nuna inda fadama take a da. Na juye sauran ruwan kwalbata, na cika ta da dusar jan layin nan, na rufe.

Daren nan ban yi barcin kirki ba saboda ƙugu da cinyoyi, ga fuska tana raɗaɗi. Na yi zaton baƙar fata ba ta ƙuna, na shafa man kaɗen da na zo da shi daga gida kawai, ashe a wannan tsawo rana daga sama take duka, ta kuma dawo daga ƙasa. Leɓɓana suka farfashe fiye da na tsakiyar hunturu, hancina ya yi mako yana saɓa. Duk mai zuwa ya sayi man kariya daga rana, kome duhun fatarsa.

Ranar Laraba, 1 ga Mayu, hutun ma'aikata ne a can kamar yadda yake a nan. Muka canza hanya, muka sauka a Eibsee muka shiga jirgin igiya da aka buɗe a Disambar 2017. Ɗaki ne na gilashi mai cin mutum 120, yana rataye, ginshiƙi ɗaya tal ke riƙe da igiyar a duk tsawon hanya, mai tsayin mita 127, daga shi kuma sai tazarar fiye da kilomita uku babu abin tokara har ƙololuwa. Cikin minti goma ya ɗaga mu mita 1,945. Da ɗakin ya wuce ginshiƙin ya yi lilo, cikina ya juya, na riƙe ƙarfe ina karanta addu'ar hawa abin hawa.

A ƙololuwa an ce in sama ta washe ana hango kawunan duwatsu 400 a ƙasashe huɗu. Mu dai mun tarar da hazo-hazo ta kudu, nesa ta dushe, irin dushewar da duk ɗan arewa ya sani. Abin da ya fi ɗaukar hankalina wata 'yar siririyar hanya ce a kan baranda, allo a wannan gefe ya ce Bavariya, a wancan ya ce Tirol. Taku kaɗan ka bar Jamus ka shiga Ostiriya, babu shinge, babu mai tambaya. Muka tsaya a tsakiya, ni da ɗan Damagaram. Daga Agustan 2023 har Maris ɗin 2024 iyakar ƙasata da tasa a rufe take bayan juyin mulkin Yamai. Gwaggona tana Maraɗi, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga ƙofar gidanmu, ta yi jinya a cikin watannin nan mahaifina bai samu zuwa duba ta ba. Ya ce, "Malam, mu da muke harshe ɗaya." Bai ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa masa ba.

Muka gangara faranti da ƙaramin jirgin igiya. Wurin ya cika, amma ba cikar gasa ba, cikar sallama. Wasu na zamiya da 'yar shara, wasu da gajeren wandon fata na gargajiyarsu, wata tsohuwa da doguwar rigar Bavariya a kan takalman zamiya. Kiɗa na tashi a baranda, ana ta shan giya, mu muka nemi gefe da shayinmu. Mutanen da suka yi wata biyar suna haɗuwa a layi ba su san sunan juna ba suna musafaha. Na ga da yawa suna tsayawa wurin masu kula da na'urori suna yi musu godiya, wani har da miƙa ƙunshin alewa. Wannan ya burge ni ƙwarai, don aikin nasu tsayuwa ce cikin sanyi tun daga Disamba.

Daren bai yi sanyi sosai ba, don haka Firn ta zo da wuri ta tafi da wuri. Kafin sha ɗaya da rabi fate ya soma. Na yi sauka huɗu masu kyau na ce ya isa, ƙuguna ma ya ce haka. Ƙanen nawa ya ci gaba har ƙarshe, ni kuwa na zauna ina kallon yadda ake naɗe kaka. Tun kafin a tsayar da na'urori ma'aikata sun fara bi da babur ɗin ƙanƙara suna tuge sandunan alamar hanya ta gefe-gefe, suna naɗe ragar kariya, suna ɗaure katifun da ke jikin ginshiƙai. Katafila biyu na tura dusa suna tara ta a cikin kwaruruka, don tudu mai kauri ya fi jure bazara, abin da ya tsira ya zama harsashin kaka mai zuwa, kamar manomi da ke ware iri kafin ya taɓa rumbu. Wajen ƙarfe huɗu na hango dattijon jiya yana saukowa shi kaɗai, a hankali, kwana manya-manya, yana ratsa faten nan kamar ba ya taɓa shi. Da ya iso ƙasa ya cire allunansa, ya haɗa su, ya share dusar da ke kansu da hannu, ya juya ya daɗe yana kallon sama. Daga nan kujerun igiya suka tsaya cak, suna ɗan lilo babu kowa a kansu, aka yi tafi.

A shago Babosniyen ya karɓi kayanmu, ya duba gefen allunan, ya ɗiga musu kaki mai kauri da dutsen guga, bai kankare ba. Ya ce haka za su kwana har Nuwamba don kada cikin ya bushe, gefen ya yi tsatsa. Hayar kwana biyu Yuro 70. Muka yi sallama, ya ce in gaida masu cirani.

A jirgin komawa na yi lissafi a bayan tikiti: masauki, hawa, haya da abinci sun tasar wa Yuro 380, wanda a canjin lokacin ya haura naira rabin miliyan. Na daɗe ina kallon adadin, don na san abin da zai yi a gida, amma ban yi da-na-sani ba. A ƙauyukan da muka ratsa an kafa dogayen sandunan bikin Mayu masu launin fari da shuɗi, mutane na zaune a ƙarƙashinsu cikin yammaci mai ɗumi.

Mako biyu bayan haka na sauka Kano, zafi ya haura digiri 40, ana ta duban gabas ana jiran ruwan fari. Kwalbar ta iso lafiya a cikin babban akwati, naɗe a cikin safa. Dusar da ta cika ta ba ta ba da ruwan da ya kai rabi ba, ƙurar kuma ta kwanta a gindi, siririya, ja. Tana kan teburina a ofis. Ranar da na kai ta aji na bar ta ta zaga hannu-hannu kafin in zana komai a allo, wata ɗaliba ta girgiza ta, ruwan ya yi ja, muka jira har ya sake kwantawa.